Akwatin darasin Hanuka da muka yo oda daga Abuja: mako guda da shi a aji biyar

Muna tsakiyar jarrabawar zangon farko direba ya kira ni ya ce saƙonmu ya iso tasha. Hazo ya sauko sosai ranar, irin wanda ke sa garin Gombe ya yi fari fat tun da hantsi. Na hau Keke Napep daga Tumfure na je na tarar da kwali huɗu ɗaure da igiyar roba, ɗaya ya lotse a gefe saboda buhun da aka ɗora masa a but.

Hajiya mai makarantarmu ce ta ga tallar a Instagram. Wani shago ne a Abuja da ke shigo da kayan koyarwa daga waje, yawanci manyan makarantun kuɗi na can ne ke saye. Akwatunan na bukukuwan al'ummomin duniya ne, kowanne naira 32,000 ban da kuɗin mota. Akwai na Sallah, da na Diwali na Indiyawa, da na sabuwar shekarar mutanen Sin, sai na Hanuka, bikin da Yahudawa ke yi a lokacin sanyi. Na Kirsimeti ya ƙare a shagon kafin mu tura kuɗi. Hajiya ta ce, "Malama, ke ke da darasin zamantakewa, ɗauki wanda za ki fara da shi. Satin da aka gama jarrabawa yaran nan zaman kashe wando kawai suke yi." Na ɗauki na Hanuka, don lokacinsa ne ya zo daidai. A 2025 bikin ya kama da faɗuwar ranar Lahadi 14 ga Disamba, mu kuma satinmu na zaman jiran sakamako shi ne wanda ya gabace shi.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ci mini rai. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, kuma ban san sau nawa na raba faɗa a filin wasa ba inda yaro ke ce wa ɗan'uwansa "Bayahude" don ya hana shi aron biro. In ka tsayar da shi ka ce, to mene ne Bayahude, sai ya sunkuyar da kai. Kalmar a bakinsa zagi ce kawai. Bai san mutane ne masu iyaye da kakanni da ranakun da suke taruwa su ci abinci ba. Ajina yara 34 ne, Musulmi da Kirista, Fulani da Hausawa da Tangale da Tera da Waja, da 'yan Ibo biyu da iyayensu ke da shago a babbar kasuwa. Na ga ya kamata ko sau ɗaya su ji kalmar a bakin malamarsu a cikin darasi.

Kafin in buɗe nawa, akwatin Sallah na fara buɗewa, don in auna gaskiyar masu haɗa kayan da abin da na sani. Abin da suka rubuta babu ƙarya a ciki, amma Sallar Masar ce ko ta wata ƙasar Larabawa: fitilu masu launi, da dabino, da lalle. Babu hawan Sarki, babu yawon Sallah, babu tuwo da miyar taushe da ake aika wa maƙwabta. Daga nan na san yadda zan riƙi na Hanuka. Shi ma na wasu ne daga cikin Yahudawa, kuma da na duba sai na ga na Amurka ne, da dusar ƙanƙara a tagar kowane hoto.

Abin da ya fi komai daraja a akwatin shi ne fitilar. Ta katako ce, tsawonta ya kai kamu biyu, mai gurbi tara, da kyandirori tara na katako da harsunan wuta na rawaya da ake soka musu a kai. Ba a kunna ta, kuma wannan ya yi mini daɗi ta fuska biyu: ba na son wuta a ajin da ke cike da takarda a tsakiyar hunturu, ba na kuma son yara su yi abin da zai zama ibadar wasu. Aikin katakon mai kyau ne, ta faɗi ƙasa sau biyu a kan siminti ba ta ko tsage ba. Sai kati goma masu hoton labarin, masu kauri, an shafe su da leda. Sai 'yan katantanwa shida na katako masu gefe huɗu. Sai littafin malami mai shafi 24 da Turanci, da takardun aiki da ake kai wa a yi hoto. Akwai kuma jakar raga mai ɗauke da sulallan cakulan a naɗe da takardar gwal, waɗanda a al'adarsu ake ba yara. Su kam zafin but ya gama da su tun kafin su wuce Bauchi, dunƙule guda na ciro. Na yi wa shagon magana ta WhatsApp, suka ba da haƙuri da kyakkyawan lafazi, amma ba su maye gurbinsu ba, ba su kuma rage ko sisi ba. Mai sayar da kaya zuwa Arewa ya kamata ya san cakulan ba ya jure yinin mota.

Littafin malamin ne ya fi ba ni aiki. Tarihin bikin gaba ɗaya sakin layi biyu ne: wai akwai wani mugun sarki, jarumai suka kore shi, mai ya yi kwana takwas. Babu shekara, babu taswira, ko sunan ƙasar sarkin babu. Yaron aji biyar ya wuce a ba shi labari kamar tatsuniyar Gizo. Sai da na kwana biyu ina karatu a wayata bayan na kwantar da nawa yaran, kafin na haɗa abin da zan tsaya gaban allo da shi.

Ga abin da na koya musu. Bayan mutuwar Iskandari na Girka, manyan hafsoshinsa suka raba daularsa, yankin Sham ya faɗa hannun zuriyar ɗaya daga cikinsu, hedikwatarsu a Antakiya, wadda yau take cikin Turkiyya. Wani sarki a zuriyar, Antiyokus na huɗu, ya hau mulki a shekara ta 175 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A wajen 167 ya hana Yahudawa bin addininsu: ya hana kaciya, ya hana hutun Asabar, aka ƙona littattafan Attaura, aka kafa bagadin bautar gumakan Girkawa a Haikalinsu, wato babban ɗakin ibadarsu da ke Ƙudus, aka kuma umarce su da yanka alade. Wani dattijo malamin ibada mai suna Matatiya, a garin Modi'in, ya ƙi, ya fita daji da 'ya'yansa biyar. Da ya rasu ɗansa Yahuza ya karɓi jagoranci, shi ne ake wa laƙabi da Makabi, wanda aka fi fassarawa da "guduma". A shekara ta 164 suka ƙwato Haikalin, suka tsabtace shi, suka sake keɓe shi ga ibada. Ma'anar kalmar Hanuka ke nan da Ibrananci, keɓewa.

Da na zo kan hana kaciya da tilasta alade, ajin ya yi tsit. Wani yaro da ke zama a bencin baya, wanda ko a darasin lissafi sai na kira sunansa sau uku, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, su ma ba sa ci ne?" Na ce ba sa ci. Ya daɗe yana kallon katin da ke hannuna. Littafin ya tsallake wannan wurin kacokan, wataƙila don a can ana ganin ya yi wa yara nauyi, alhali a nan shi ne ƙofar da yaranmu suka shiga labarin ta cikinta.

Batun man ma littafin ya kawo shi kai tsaye kamar abin da kowa ya yarda da shi. Ni na ce musu, Yahudawa suna ba da labari cewa da aka shiga Haikalin, tulun man zaitun ɗaya tak aka samu mai tsarki da hatiminsa, wanda zai isa kwana ɗaya, amma ya ci har kwana takwas, lokacin da aka samu sabo. Wannan labarin a cikin Talmud yake, tarin koyarwar malamansu da aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayan faruwar abin. Littattafan Makabiyawa guda biyu, waɗanda suka fi kusa da zamanin, ba su ambaci man ba. Na biyun ya ce an yi kwana takwas ne a kan tsarin Idin Bukkoki, wanda yaƙi ya hana su yi a lokacinsa suna ɓoye a duwatsu. A nan wani abu ya faru da ban shirya masa ba. Washegari wata yarinya 'yar Katolika ta zo da Littafi Mai Tsarki na mahaifiyarta a naɗe da ɗankwali, ta buɗe mini Makabiyawa. Ƙawarta 'yar ECWA ta rantse babu shi a nasu. Kowaccensu tana da gaskiya, don yana cikin na Katolika, ba ya cikin na ECWA da sauran Furotesta, ba ya ma cikin na Yahudawan kansu. Na nuna musu Yohanna 10:22, wadda ke cikin na su biyun, inda aka ce Yesu yana Urushalima, wato Ƙudus, a lokacin idin Hanuka, kuma lokacin sanyi ne. Suka koma benci ɗaya suna duba wurin da yatsa.

Amma na yi gaba da labari, bari in koma kan iyaye, domin duk malamin da zai taɓa akwatin nan a garinmu da su zai fara. Littafin bai ce uffan ba a kan yadda za a sanar da su. Ni na rubuta takarda da Hausa da Turanci, Hajiya ta sa hannu, muka ce darasin tarihi ne da al'ada, babu addu'a, babu waƙar ibada, wanda bai amince ba ya faɗa. Ran Litinin da safe mahaifin wata ɗalibata ya zo da kansa. Muka gaisa, ya tambayi aiki da yara, sannan ya ce, "Malama, na ga takardarku. Duk bukukuwan duniya a rasa wanda za a fara da shi sai na Yahudawa, muna ganin abin da ake yi wa mutanen Gaza?" Na ce, "Alhaji, wallahi abin da ke ranka yana raina, ni ma hotunan nan sun hana ni barci ba sau ɗaya ba. Amma labarin da zan ba su ya faru fiye da shekara dubu biyu kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Banu Isra'ila kuma yaranmu suna karanta su kullum a Islamiyya." Na ɗauko littafin na nuna masa shafi biyu da na maƙale da kilif, na addu'o'in da suke yi in za su kunna fitilar da na waƙarsu, na ce waɗannan ba za a buɗe su ba. Ya juya fitilar katakon a hannunsa, ya ajiye. Ya ce, "Na ji bayaninki, Malama, kuma na yarda da ke. Amma 'yata dai ta zauna a ofis." Na ce to, Allah Ya saka da alheri da ka zo da kanka. Yara uku ne ba su zauna darasin ba, na ba su aikin karatu, kuma na gargaɗi sauran kada in ji wani ya tsokane su. Har yau ina ganin haƙƙinsa ne, kuma muna gaisawa da shi kamar da.

Shafukan nan biyu su ne babban kuskuren littafin a wurina. Ya ce malami ya sa yara su maimaita addu'ar tare, kamar waƙar motsa jiki. Ko Bayahuden kirki ban jin zai so a mai da addu'arsa abin wasan aji, balle iyayen da suka ba mu amanar 'ya'yansu.

Ranar fitila ce ta fi armashi. Na ɗora ta a kan teburi na ce su ƙirga. Tara. Na ce to bikin kwana takwas ne, ta taran ta mene ce? Ita ce wadda ta ɗara sauran tsayi, sunanta shamash, wato mai hidima, da ita ake kunna sauran, domin hasken takwas ɗin ba a aiki da shi, na kallo ne da tunawa. Daren farko ɗaya, na biyu biyu, haka har takwas. Ana jera su daga dama zuwa hagu, a fara kunna sabuwar. Ana ajiye fitilar a taga ko bakin ƙofa don masu wucewa su gani, kuma ana so ta ci aƙalla rabin awa bayan duhu ya shiga. Na ce su lissafa mini kyandir nawa gida ɗaya zai saya. Aka yi ta kawo 36, sai wata yarinya ta ce an manta mai hidima, ita ma kullum sabuwa ce. 44. Haka kuwa ake sayar da su a kwali, 44. Ban taɓa ganin yaran nan sun yi tara lamba da irin wannan zumuɗin ba.

A nan ma na kama littafin da kuskure. A ɗaya daga takardun da za a shafa wa launi an zana fitila mai reshe bakwai an rubuta ta Hanuka ce. Mai bakwai ita ce ta cikin Haikali, ta bikin mai tara ce. Na cire takardar.

Na ƙara wani abu da na samo a karatuna. Tun da can malamansu sun yi saɓani: almajiran Shamai suka ce a fara da takwas ana ragewa, almajiran Hilel suka ce a fara da ɗaya ana ƙarawa, don abu mai tsarki ƙara shi ake yi, ba a rage shi. Ra'ayin Hilel aka bi. Kafin in faɗa musu wanda aka bi, na ce su zaɓa. Kusan duka suka ce a ƙara. Yaro ɗaya, wanda mahaifiyarsa ke tuyar ƙosai da daddare a bakin titi, ya tsaya kai da fata a rage. Hujjarsa ita ce mai raguwa yake yi, duk wanda ya zauna kusa da aci-bal-bal ya san wutar daren ƙarshe ba ta kai ta farko ba. Na rubuta sunansa a allo a ƙarƙashin Shamai, ya yini yana murmushi.

Maganarsa ce ta sa na watsar da aikin hannun da littafin ya tsara. Su sun ce a haɗa fitila da tsinken askirim da kwalin takardar bayan gida da bindigar gam mai aiki da lantarki. Ina za mu samo tsinken askirim ɗari uku, ina kuma wutar? Na aika aka sayo mini yumɓu wurin masu tukwane na naira 1,500, kowane yaro ya murza ɗan kasko kamar tafin hannunsa ya matse masa baki, muka shanya a rana. Hunturu ya busar da su kafin washegari, wasu sun tsage, yawanci sun tsira. Muka murza lagwani da auduga. Guda ɗaya tak na kunna, ni da kaina, a waje, da rana tsaka, da cokali ɗaya na man gyaɗa, yara suka kewaye ni suna kare iska da jikinsu, mai agogo yana duba lokaci. Da wutar ta fara lumshewa suka yi shiru kamar ana zare musu wani abu. Wata ta ce kakarta a Dukku tana da irinta a ɗaki har yanzu. Man zaitun kuwa ba baƙo ba ne gare su, sun san shi a kwalbar masu maganin Musulunci, sun san shi a Suratut Tin. Yaron da ya tashi inda ake ɗauke wuta, aka aike shi sayen kananzir na naira ɗari, ba sai an yi masa dogon bayani a kan man kwana ɗaya ba. A wannan wurin yaranmu sun fi waɗanda aka rubuta wa littafin kusa da labarin.

Sai katantanwa. Sunanta diredil a harshen Yahudawan Turai, da Ibrananci kuma sebibon. Da na ciro ta yaran suka yi ihu, don sun san tasu ta murfin biro da murfin batir, kuma sun fi ni iya murza ta nesa ba kusa ba. A kowane gefe akwai harafi ɗaya. Na rubuta sunayensu a allo: nun, gimel, he, shin. Kafin in juyo 'yan Islamiyya sun fara, "Malama, nun da shin ai namu ne!" Na ce gimel ɗan'uwan jim ne, he kuma na ha. Na gaya musu Ibrananci ma daga dama ake rubuta shi, kuma jerin haruffansa, alef, bet, gimel, dalet, shi ne abajada da suke ji wurin malaman allo. Wannan ko kusa littafin bai san da shi ba, don ba a rubuta shi domin yaran da suka san baƙaƙen Larabci ba. Haruffan huɗu farkon kalmomi ne na jimlar da ke nufin "babbar mu'ujiza ta faru a can". A Isra'ila ana sauya shin da pe, sai ta zama "a nan". Namu masu shin ne.

Yadda ake wasan shi ne kowa ya zuba wani abu a tsakiya, a murza. Nun, ba ka ci ba ka zuba ba. Gimel, ka kwashe duka. He, ka ɗauki rabi. Shin, ka ƙara zubi. Ina karantawa na ce a raina wannan ai zubin caca ne. Na kai wa yayan mijina, wanda ke koyarwa a Islamiyya a Pantami. Na ce, "Yaya, in da tsakuwa aka yi, kuma ba wanda ya tafi gida da ta wani fa?" Ya ce shi dai ko babu kuɗi zuciyarsa ba ta kwanta da wasan da sa'a kaɗai ke yanke shi ba, kuma gara in bar abin da zai sa iyaye ɗar-ɗar. Na bi shawararsa. Na bayyana musu ƙa'idar a allo yadda masu abin ke yi, mu kuma muka mai da shi lissafi: rukuni shida, kowane rukuni ya murza sau 40, a ja layi a ƙarƙashin harafin da ya fito. Rukuni biyar suka samu abin da ake tsammani, kowane harafi ya zagaya goma, wani ya ɗan haura wani ya ɗan gaza. Na shida suka zo da ƙara, tasu ta faɗi a kan shin sau 23. Muka duba, ashe tsinin ƙasanta a karkace aka fiƙe shi. Yaran ne suka gano aibin kayan da kansu da alƙalami da takarda. Fentin haruffan biyu daga ciki ma ya fara gogewa kafin Juma'a. Guda shida kuma sun yi kaɗan ga aji irin namu, an ƙiyasta su ne da ajin yara goma sha biyar.

Kalandar ba ta ɗauke mu minti goma ba. Bikin yana farawa 25 ga watansu na Kislef, kuma ranarsu daga faɗuwar rana take kamawa, kamar yadda muke cewa daren Juma'a tun ran Alhamis. Watanninsu tafiyar wata suke bi irin namu, sai dai suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai a cikin shekara 19, shi ya sa bikin ba ya barin lokacin sanyi, mu kuwa azuminmu yana zagaya damina da rani. A 2024 ya kama da yammacin ranar Kirsimeti. Na kuma gaya musu abin da littafin ya ɓoye, cewa a addininsu ba ya cikin manyan idi, ana zuwa aiki a cikinsa, maƙwabtaka da Kirsimeti ce ta ƙara masa girma a Amurka. 'Yan Ibon nan biyu suka ƙara da cewa a wajensu akwai masu bin addinin, haka ne kuwa, har a Abuja suna da wuraren ibada.

Ran Juma'a muka rufe da abinci, don al'adar bikin ce a ci abin da aka soya da mai. Littafin ya kawo latke, wainar dankalin Turawa: a goge dankali da albasa, a matse ruwan, a fasa ƙwai, a barbaɗa fulawa da gishiri, a soya. Wannan shafin kam babu abin da zan ce, awonsa daidai ne. Maman da ke sayar da abinci a makarantarmu ta soya mana a kaskon ƙosanta da dankalin Jos. Ta ce, "Malama, wannan in ba a matse shi da kyau ba shan mai zai yi," ta sa tsumma mai tsabta ta murɗe shi sai da ya bushe. Su suna ci da markaɗaɗɗen tuffa ko kirim mai tsami, mu muka sa kindirmo a gefe da yajin ƙuli. Yajin ne ya ƙare. A Isra'ila sufganiyot suka fi ci, fanke ne mai jam a ciki, Yahudawan Maroko kuma suna da nasu soyayyen ƙullin da ake kira sfenj, shi ma littafin bai san da shi ba. Dankali da ƙwai da mai sun ci mana kusan naira 9,000, kuma daga aljihun Hajiya suka fito.

Wata malama daga wata makaranta a Jekadafari ta tambaye ni ko su saya. Na ce mata in makaranta ce za ta biya, kuma za a yi shekaru ana amfani da shi, fitilar da katunan sun ci kuɗinsu, amma kada ta shiga aji da littafin kaɗai, kuma ta fara da takardar iyaye. In daga albashinta ne, ta zo ta ɗauki hoton tamu ta kai wa kafinta. Ni ma na kai katantanwa ɗaya wurin wani mai aikin katako a tsohuwar kasuwa, ya juya ta ya ce zai fiƙe mini goma sha biyu, haruffan kuma in rubuta da kaina da maka. Na ce masa ya kula da tsinin. A 2026 bikin zai kama da yammacin 4 ga Disamba, tsakiyar jarrabawarmu ke nan, don haka na roƙi Hajiya ta bar mini satin da ke biye. Kaskunan yumɓun yara sun tafi da su gida, saura guda huɗu da masu su suka ce in ajiye musu a kan kabad kusa da fitilar.